Baba Jaji da Kifin da Ba a Ci

In ka ga wani tsohon keke mai kwando a baya ya ɓullo daga lungun Yalwawa bayan an sallame sallar asuba, mai shi yana tuƙi a tsanake kamar wanda aka aika da faifan ƙwai, to kada ka tare shi da doguwar gaisuwa. Baba Jaji ke nan, kuma ana jiransa. Zai ɗaga maka hannu ya ce "sai na dawo," ya wuce abinsa. Masu jiran nasa kuwa kifaye ne, kifayen da ko mage ba za ta ɓata yawunta a kansu ba.

A cibiyar bincikenmu da ke bayan duwatsu akwai wani ɗaki da muke kira ɗakin kifi. Tankuna ne na gilashi jere bisa kantoci, ruwa na ta ɓulɓula. Baba yana shiga zai tuɓe takalminsa ya zura na roba, ya duba ma'aunin zafi, ya leƙa kowane tanki kamar mai unguwa yana zagaye. Daga nan sai aikin da muka fi tsokanarsa a kai. Tun jiya da yamma ya riga ya ware namiji da mace a ƙananan akwatuna, ya raba su da shinge a tsakani. Da haske ya kama ɗakin sai ya bi ya zare shingayen, a fara guje-guje, ƙwai ya riƙa zuba ta raga zuwa ƙasa. Wallahi auren da Baba ya ɗaura a ɗakin nan, limamin Juma'a bai ɗaura rabinsa ba. In muka ce, "Baba, yau ma babu goro?" sai ya ce, "Ku kawo sadaki tukuna, 'yan banza."

Ƙarshen watan nan Baba zai ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in yi wannan rubutu tun yana nan, ya ji da kunnensa ya zage ni.

Na san wani zai ce wane irin kifi ne wannan. Kifin zebra ake ce masa, saboda zanen da ke jikinsa irin na jakin dawa. Babbansa bai wuce gaɓa biyu na ɗan yatsa ba. Amma ƙwansa garau yake kamar ɗigon ruwa, in ka sa shi a madubin ƙara girma kana kallon yadda ake gina ɗan kifi tun daga tushe, har ƙwaƙwalwarsa. A cikin ƙwaƙwalwar nan akwai wasu 'yan ƙwayoyin jijiya masu yin wani sinadari da ake kira dofamin. Kai ma kana da su. Suna cikin abin da ke sa ka ji ƙanshin tsire ka taso, su ne kuma ke taimaka wa hannunka ya kai ga tsinken ba tare da makyarkyata ba. In suka fara mutuwa a kan mutum, shi ne za ka ga dattijo hannunsa na rawa, tafiya ta yi masa nauyi.

To abin da muke tonowa shi ne, wa yake gaya wa ƙwaya cewa ke dofamin za ki yi, ga inda za ki zauna, ga inda za ki miƙa wayarki? Ƙwayoyin gado ne, umarnin nan da kowane mai rai yake karɓowa daga uwa da uba. Ku ɗauke su kamar 'yan kamasho a tasha: na Ringim nan, na Jahun can, Hajiya hau wannan. In kana so ka san aikin ɗan kamasho guda, sai ka kore shi daga tasha, ka zauna ka ga wace mota ce ba ta cika ba. Mu ma haka muke yi, a lalata ƙwayar gado ɗaya a kifi, a duba me ya ɓace a ƙwaƙwalwa.

Shi Baba ba da wannan ya fara ba. Ɗan masunta ne daga Ringim, ya tashi yana jin ƙarnin kifi kamar turare. Ƙuruciyarsa duk a kududdufan tarwaɗa na cibiyar ya ƙarar da ita. Wanda ya san kiwon tarwaɗa ya san dokarsa ta farko, wato tacewa. Tarwaɗa ba ta san ɗan'uwa ba, babba haɗiye ƙarami yake. In ba ka tace ka ware ƙanana da ragwaye gefe ba, ranar kwasa ƙaton kifi ɗaya za ka tarar yana maka murmushi. Wannan tacewa ta shiga jinin Baba, hannunsa yana yin ta ko hankalinsa na wani wuri.

Da Dakta Abdurrahim, malaminmu, ya kafa ɗakin kifi, sai aka ɗauko Baba daga bakin kududdufi aka ba shi makulli. Ranar farko ya sunkuya ya daɗe yana kallon tanki.

"Dakta, su waɗannan yaushe za su girma?"

"Ai sun girma, Baba. Iyaye ne ma."

"Ikon Allah. To wa zai ci?"

"Ba a ci."

Baba ya miƙe ya gyara hula ya ce, "To, Allah ya sa mu gama da duniya lafiya."

Duk da haka ya riƙe su da amana. Ko kifi ɗaya bai taɓa kwana da yunwa ba, kuma ranar da famfon ruwa ya lalace ana tsakar zafin bazara, da bokiti ya wuni yana sauya ruwa har bayansa ya ƙage. Hausawa na cewa kifi na ganinka mai jar koma, amma na Baba in suka hango shi da 'yar komarsa gaban gilashi suke taruwa.

Yanzu ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A ajinmu akwai Zulfa, 'yar Jahun, ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce a wani asibiti. Hutun karatu aka ba ta, aka kuma ja mata kunne cewa ranar da ya ƙare ta koma bakin aiki, da digiri ko babu, ba ƙari. Dakta ya ba ta ɗan kamasho guda ta bincika. Matsalar ita ce kowane kifi yana da ƙwayar gadon nan biyu, ta uwa da ta uba. Iyayen da ke hannunmu kowanne ɗaya ce ta lalace, ɗayar tana aiki, saboda haka garau suke. In an haɗa su, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan ne zai gaji lalatattu biyu. Su ɗin ma ba su isa ba, don uwa takan zuba wa ƙwai guzuri na abin da ƙwayar gadonta mai lafiya ta sarrafa, sai ɗan ya fara gini da shi, a kasa ganin ainihin giɓin. Dole Zulfa ta raini masu lalatattu biyun nan wata uku har su balaga, su yi nasu ƙwan da ba shi da guzuri ko kaɗan. A nan ne za a ga motar da ba ta cika ba.

Ta haɗa, aka ƙyanƙyashe, ta miƙa wa Baba reno. Da suka girma ta gwada su ɗaya bayan ɗaya. Babu mai lalatattu biyu, ko guda. Ta ce ƙila rashin sa'a ne, ta sake zubi. Wasu watanni suka tafi, ta sake gwadawa, nan ma wayam. Hutunta ya ci fiye da rabi. Dakta ya kira ta ofis ya ce ga alama irin waɗannan ba sa rayuwa, tun suna ƙanana suke mutuwa, ta fara tunanin sauya batu. Kowa ya san sabon batu ba zai ƙare a ɗan lokacin da ya rage mata ba.

Ta fito ta wuce ɗakin kifi, ta kifa bokiti ta zauna a kai. Baba yana gefe yana ɗauraye raga. Zulfa mai surutu ce, kullum sai ta ja shi da faɗan Jahun da Ringim, ran nan kuwa ko sallamarta da ƙyar ya ji.

"'Yar Jahun, yau wa ya taɓa min ke?"

"Ba kowa, Baba. Kifin da nake nema ne babu."

"Duk wannan da na tara miki? Dube su fa, kamar 'yan dambe."

"Ai shi ne abin, Baba. Ba 'yan dambe nake nema ba."

"To su wa kike nema? Yaya kamanninsu?"

Tun da aka buɗe ɗakin, ba wanda ya taɓa zama ya gaya wa Baba me ake yi da kifin nan. Abinci, ruwa, ɗaurin aure, iyakar abin da aka nuna masa ke nan. Zulfa ta share ido ta ce, "Ni ma ban taɓa ganinsu ba. Amma ina jin ƙanana za su zama, marasa kuzari, su riƙa laɓewa a ƙasa, in an zuba abinci 'yan'uwansu su riga su."

Ragar da ke hannun Baba ta tsaya cak a cikin ruwa.

Ya san su. Ya san su sarai, don shi ya tsame su da hannunsa. Duk mako in ya ga ɗan kifi ya tsumbure yana rakuɓe a kusurwa, sai ya sa koma ya ɗauke shi, kamar yadda ya saba a kududdufi, don a bar wa ɗalibai masu kyan. Bai gaya wa kowa ba, don a wurinsa kamar ka share tsakar gida ne ka je kana ba da rahoto. Zubar da su kuma bai iya ba. A ɗan ɗakin ajiya da ke baya ya kafa wata tsohuwar randa da ya karɓo wurin Inna Gaji, matarsa, ya ja mata tiyon iska, yana ba su abinci su kaɗai. Asibiti yake kiranta a ransa.

Nan fa zuciya ta fara kawo masa shawara. Ashe duk watannin da yarinyar nan ta yi asara, shi ne. Ritayarsa ta kusa, bai taɓa karɓar takardar tuhuma ba, yanzu da furfurarsa za a ce ya ɓata aikin bincike? Kuma ba wanda ya san da randar. In ya tuntsurar da ita a kwata, magana ta mutu, Dakta ma ya riga ya ɗora wa ajali laifi.

Ya ajiye raga, ya fita ya yi alwala, ya daɗe a bakin famfo. Da ya dawo sai ya ce, "Tashi mu je wurin Dakta. A gabanki zan faɗa."

Mun taru a baranda muna ganin ikon Allah, Baba gaba, Zulfa na biye. Ya yi sallama, Dakta ya nuna masa kujera, ya ƙi zama.

"Dakta, ɓarna na yi, na zo in faɗa da bakina. Kifin yarinyar nan ba mutuwa suke ba. Ni nake kwashe su."

Dakta ya cire tabarau. "Kana kwashe su ka kai ina, Baba?"

"Randa."

"Wace randa?"

"Ta Gaji."

Dakta ya yi salati ya sanar da Ubangiji, ya dafe kai. Can ya ɗago. "Suna raye?"

"Suna raye. Wasu har sun yi kumatu."

Jama'a, ban taɓa sanin Dakta Abdurrahim ya iya gudu ba sai ran nan. Mutumin da ke taka ƙasa kamar ana masa kiɗan sarauta, sai ga shi ya tattare babbar riga ya bar mu a baya. Aka buɗe ɗakin ajiya aka haska randa. Ga su nan, 'yan mitsi-mitsi, suna yawo a ruwa mai sanyi. Zulfa ta durƙusa ta rungume randar tana dariya tana kuka.

Murnar ba ta daɗe ba, don Dakta ya yi tambayar da ta kashe mana jiki: "Na wane tanki ne waɗannan?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Na ko'ina ne. Mara lafiya ai mara lafiya ne, ban ware ba."

Wato na Zulfa da na sauranmu duk sun cakuɗe, kuma da ido ba ka bambanta su. Dakta bai ɓoye ɓacin ransa ba. Ya ce, "Baba, ka ja mana aiki. Daga yau ko gawar kifi ba a ɗagawa sai an faɗa." Baba ya ce, "Na ji, na karɓa." Sannan Dakta ya ƙara da cewa, "Mu ma da namu. Mun ba ka makulli ba mu ba ka labari ba. Taron da muke yi duk mako, daga yanzu da kai." Ba a rubuta wata takarda ba, maganar ta ƙare a bakin randa.

Sai aka shiga gyara. Kowane kifi sai an sa masa maganin barci, a ɗan yanki bakin wutsiyarsa a kai gwaji. Baba ya tsaya a kan Zulfa kamar uwar amarya.

"Ke, a hankali! Bawan Allah da ƙyar yake iyo, ki kuma rage masa wutsiya?"

"Tana tsirowa, Baba."

"Taki ce ta taɓa tsirowa da kika sani?"

Da ya ga ta tsiro da idonsa ya ce, "To, na ba ki wannan." Sakamako ya fito, aka sami masu lalatattu biyun, ba su kai goma ba, matan ciki ma ba su kai rabi ba. A kansu digirin Zulfa ya rataya, ga su kuma a rame, ƙwai ko alama.

A nan Baba ya zage damtse. Ya ba kowace ɗakinta, ya rage zurfin ruwa don kada su wahala wajen hawowa cin abinci. Ya riƙa ƙyanƙyashe musu 'yan ƙwarin ruwan gishirin nan da suke so, yana ba su kaɗan-kaɗan sau da yawa, kamar mai jinyar maijego. Ranar Babbar Sallah daga Idi ɗakin kifi ya zarce, mai gadi ya gan shi da sabuwar shadda ya naɗe hannun riga yana tsotse datti da tiyo. Inna Gaji ta aiko a gaya masa in kifin ne za su soya masa nama to ya zauna can.

Aka fara haɗa su. Safiya ta farko babu komai. Ta biyu, ta uku, haka. Zulfa ta daina kallon kalanda. Kullum Baba zai zare shinge ya tsuguna ya zuba ido, namiji na can kusurwa, mace na nan kusurwa, kamar waɗanda aka yi wa sulhun dole. Muka ce, "Baba, limancin naka ya fara sanyi." Ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa. Ku matsa, kunyarku suke ji." Ya sauya mazan, ya rufa wa akwatin tsumma ta gefe don kada giftawar mutane ta firgita su, ya hana kowa shiga da safe. Wata Talata Zulfa na shigowa harabar ta hango shi a ƙofar ɗaki yana ɗaga ɗan faranti sama, bakinsa har kunne.

"'Yar Jahun! Kawo goron!"

Kifayenmu an yi musu wata dabara, ƙwayoyin dofamin ɗinsu suna ba da koren haske a ƙarƙashin madubi. Bayan 'yan kwanaki da 'ya'yan suka ƙyanƙyashe, Zulfa ta ɗora su, ta leƙa. Da ta ɗago ba Dakta ta fara kira ba. Ta ce in kira mata Baba.

Ya zo yana goge hannu a riga. Ta fara sa masa lafiyayye. Ya runtse ido ɗaya, ta ce ya buɗe duka biyun.

"Me ka gani, Baba?"

"Fitilu. Kamar ka hau dutse da magariba kana kallon gari an kawo wuta."

Ta sauya ta sa ɗan na randa. Baba ya leƙa.

"A nan an ɗauke ta wata unguwa. Ga Takur da wuta, ga Gida Dubu da wuta, Yalwawa ce babu." Ya ɗago a hankali. "Ashe ba lalaci ba ne. Ni ina ta ce musu ragwaye, ashe abin da za su motsa da shi ne ba a ba su cikakke ba." Ya sake leƙawa. "Yayana a Ringim hannunsa na rawa. Wannan zai yi masa magani?"

Zulfa ta ce, "A'a, Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Ba magani muka samo ba. Ɗan kamasho ɗaya muka gano motar da yake cikawa. Wasu za su ɗora daga nan."

Ya gyaɗa kai. "To ai gini da tubali ɗaya ake fara shi."

Zulfa ta kare aikinta a gaban masu jarrabawa saura ƙiris hutunta ya ƙare. Ran nan Baba ya ƙi shiga zauren jarrabawar, wai manyan malamai sun yi yawa, ya zauna a benci a waje yana jan carbi. Da ta fito ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, sun ce na ci." Ya ce, "Alhamdu lillahi. To tashi ki je ki gaya wa masu aikin, suna cikin tanki suna jira." Ta koma Jahun bakin aikinta da digirinta a hannu, kuma har yau duk kaka sai ta aiko masa da sabon gero.

Baba Jaji, na Gaji, ɗan masuntan Ringim, yau da kai nake. Kai ne wanda aka ɗauko daga tarwaɗa aka ba shi abin da bai kai loma ba, bai raina ba. Kai ne ka tsaya gaban sa'an ɗan cikinka da furfurarka ka ce "ɓarna na yi," alhali kwata na nan kusa kuma ba mai gani sai Allah. Mun ga masu digiri a jere, mun ga masu iya Turanci har da na sayarwa, amma wanda zai ɗauki kuskurensa ya kai shi ofis da ƙafarsa, ba kullum ake haihuwarsa ba. Duk ɗalibin da ya fita daga ɗakin nan, ya sani ko bai sani ba, da gumin bayanka a cikin takardarsa. Mun gode, Baba. Mun tsokane ka ka zage mu, mun ci gyaɗarka ba mu biya ba, ka yafe mana.

Ku kuma 'yan'uwana matasa, masu wanke mota da masu ɗinki da masu farar riga a asibiti, ba wanda zai yi aiki da hannunsa bai taɓa ɓata wani abu ba. In ta faru da ku, kada ku tsaya neman kwata. Ku kira mai kayan ku nuna masa randar tun abin da ke ciki yana numfashi. Masu ba da makulli kuma, ku riƙa haɗawa da labari.

Allah ya ba ka hutu mai daɗi, Baba, ya ba yayanka sauƙi, ya sa yadda ka ji ƙan marasa ƙarfi a ji ƙanka ranar da ƙarfi ba ya amfani.